Ragon Dakta Lurwanu

Allah ya yi wa unguwar Utaibiyya ta Makka gata ranar da Lurwanu ya sauka daga Khartum hutun bazara. Shekararsa biyu kacal a makarantar likitan dabbobi, amma ya dawo da farar kwat da laktaye, da wata irin tafiya da ko mai asibiti sai ya kauce masa. Matan unguwa suka sa masa Daktan Akuyoyi, shi kuwa rabin farko kaɗai yake ji.

Malaminsa ya ba shi aiki: ya gano abin da ya sa zafin Makka ke kayar da mutum ya bar rago a tsaye. In ragonsa ya ƙare bazara da rai, da bayani a hannu, za a ɗauke shi ɗakin bincike. Sai ya ɗaure farin rago a tsakar gidan gwaggonsa Yalwa, yana auna shi safe da yamma.

"Jama'a, a idon ilmi mutum da rago ɗaya ne," in ji shi. "Ulu ne kawai bambancin."

Maƙwabta suka yi ta zuwa ana auna su, har ranar da Malam Kabo ya ga ta inda ma'aunin zafin ke shiga jikin rago. Tun daga nan bai ƙara amsa sallamar Dakta ba.

Da ya rasa mutanen gwaji, sai ya sadaukar da kansa. Ya tsaya tsakar rana kusa da ragon, kwat a ɓalle har wuya, yana yi wa bango lacca. Rago na ta tuƙa, Dakta ya zube.

Maƙwabta ba su bar shi ba sai da suka juye masa ruwan tulu kaf. Hankalin Gwaggo Yalwa ya tashi ƙwarai, don shi kaɗai ɗan'uwanta ya bari. Ta yi alwashin in ya buɗe ido za ta zubar da jini sadaka. Ya kuwa buɗe.

Washegari ya tashi zaune, ya shanye kwanon farfesu, ya suɗe ƙashi ya ɗaga shi sama.

"Wannan rago ya sha wahala hannun jahili, Gwaggo. Daga ƙashin na gane. Da nawa kika gani!"

"Khalas, ya isa haka, ɗan nan, ai naka ne," in ji ta. "Kai ka ce ɗaya kuke. Na zaɓi in tsira da wanda ba shi da ulu."