Rigar da Na Ɗinka wa Tiyon Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Gwandu ba, ko da tsufa zai sa in riƙa rikita sunayen jikokina. Ana gab da shiga shekarar dubu biyu ne, ina da shekara ɗaya da rabi a gidan miji. Daga Kalgo aka kawo ni, da gado da kwanuka da keken ɗinki, da kuma girman kan da ya fi keken nauyi. A gidanmu na taɓa ɗinka wa ƙannena kayan sallah sau biyu, kowa ya ce ma sha Allah, ni kuwa na ɗauka da gaske ake. (Sai daga baya na gane mahaifiyarmu ce take harararsu har sai sun yaba.)

Burina a lokacin guda ɗaya ne: a bar ni in riƙa karɓar ɗinkin matan unguwa. To amma gidan na surukina ne, wanda duk muke kira Baba, shi kuma ba ya son mata su riƙa sintiri ta zaurensa. Sau biyu maigidana yana kai masa maganar, sau biyu yana cewa, "A bari tukuna." Wanda ya zauna da tsofaffinmu ya san "a bari tukuna" ƙanwar "a'a" ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Haka kekena ya zauna a lungun ɗaki ina shanya kallabi a kansa, abin yana ci mini rai.

Baba yana da wata lalura. Idan ya kwanta yakan yi minsharin da muke ji har sashenmu, can kuma sai numfashin ya ɗauke ɗif, har sai Inna, uwar maigidana, ta girgiza shi. Da rana kuwa yana cikin magana sai gyangyaɗi ya sace shi. Babban ɗansa da ke aiki a ƙasar waje ya ɗauke shi ya kai shi wurin likitoci, suka dawo da wani inji mai girman rediyo. Yana da dogon tiyo da abin rufe hanci, yana hura wa mutum iska idan yana barci. Har ƙaramin janareta aka saya dominsa. Baba ya samu barci, mu ma muka samu.

Da sanyi ya shigo sai matsala ta ɓullo. Tiyon yakan yi sanyi ƙalau, raɓa ta taru a ciki ta riƙa ɗiga masa a hanci. Yayan maigidana ya aiko da saƙo cewa a ɗinka wa tiyon riga. Maigidana ya shigo ɗaki yana murmushi ya ce, "Ga damakki ta zo. In kinka burge Baba da wanga aiki, ba shi da bakin hana ki ɗinki."

A nan na fara haƙa ramina. Ni dai tun da na zo gidan ban taɓa kallon fuskar Baba ba, ban taɓa kama sunansa ba, balle in taka ƙofar turakarsa. Idan muka haɗu a tsakar gida durƙusawa nake yi in gaida ƙasa. Saboda haka injin nan da tiyonsa labarinsu kawai nake ji. Inna, Allah Ya jiƙanta, ta ce, "Ki bari in ya tahi masallaci in kai ki ki gani da idonki." Na sunkuyar da kai na ce, "Haba Inna, turakab Baba? Ai da kunya. A dai gwada min da kamu." (Rabi kunya ce, ban musa ba. Ɗaya rabin kuwa gani nake tela kamata ba ta buƙatar ganin tiyo kafin ta yi masa riga.)

Maigidana ya je ya auno. "Kamu huɗu na, kauri awa rake. Kuma Yaya yac ce ƙyalle marar nauyi." Na ji kamu huɗu, na ji rake, maganar nauyi kuwa ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Tiyon da na sani a duniya shi ne na ban ruwa da ake shimfiɗawa a fadamar Kalgo, wanda ko jaki ya taka ba ruwansa. Ko sau ɗaya ban tuna cewa wannan a hancin dattijo yake rataye ba.

Ƙyalle marar nauyi, wa surukina? Allah Ya kiyaye. Na fasa akwati na ciro karan-miskina ja wanda ban taɓa ɗaurawa ba. Na yi masa shafi da tsohon bargo, na cusa audugar rimi a tsakani don kada sanyi ya ga hanya. Na bi shi da aikin zare daga kai har wutsiya, na jera masa maɓallan ƙarfe goma sha biyu, na manna ƙananan madubai, sannan na rataya tuntaye a bakinsa, daidai wurin da zai haɗu da hanci. Kwana tara ina wannan hidima. Da maigidana ya ɗaga abin sai da ya canza hannu, ya ce, "Anya wanga bai kai ɗan akuya ba?" Na ce masa wanda bai san ɗinki ba ai sai ya yi shiru. Ya ɗauka ya je ya zura wa tiyon rigarsa da safiyar Juma'a.

Bayan an sauko daga masallaci baƙi suka cika falon Baba. Dattawa ne abokansa daga Diggi da Ceberu, sun zo duba shi, da kuma ganin injin da aka ce yana yi wa mutum numfashi. Cikinsu har da Baffana, ƙanen mahaifina, da ya zo takanas daga Kalgo. Aka fito da injin falo, aka tayar da janareta. Inna ta ba ni ƙwaryar fura ta ce in miƙa, kuma in ɗan tsaya bayan labule in ji yabona da kunnena. Kamar jira nake. Na durƙusa a bakin ƙofa, ƙwarya a ciki, ni a waje, labulen ya ɗan buɗe yadda ido ɗaya zai wadata.

Yabo kam na sha shi. Wani ya shafa karan-miskin ya ce ko rigar ango albarka. Baffa ya gyara zama ya ce, "Ɗiyata ta, tun tana ƙarama hannunta shike da albarka." Kaina ya kumbura har ina jin kallabina ya matse ni. A raina har na fara tsara inda mata za su riƙa zama suna jiran layi.

Baba ya zauna a kujerarsa, ya ɗaura abin hancin, maigidana ya danna injin. Tiyon ya sauko daga fuskarsa yana lilo da madubansa. Falo ya yi tsit, kowa ya zuba ido.

Sai aka ji wani sauti daga wajen kujerar Baba. Ya fara siriri, ya yi kauri, ya ɗan karkace a ƙarshe. Ba sai na yi muku dogon bayani ba, duk wanda ya taɓa cin wake ya san shi.

Babu wanda ya motsa. A tarbiyyar da aka yi mana, babba ba ya yin wannan abu. Idan kuwa tsautsayi ya sa ya yi, to mafi ƙanƙanta a wurin shi ne mai shi, ya ɗauka a rufa wa dattijo asiri. Kakata ta sha gaya mana haka. Na duba falon nan, babu wanda ya kasa shekara sittin in ban da maigidana, shi kuwa ya tsura wa injin ido kamar yau ya fara ganinsa. Saura ni. Kuma tun da na yi niyyar faɗin gaskiya, ba ladabi kaɗai ya motsa ni ba. Lissafi na yi: surukar da ta yi ɗinki irin wannan, ta kuma rufa asiri irin wannan, wa zai ce mata a bari tukuna?

Na gyara murya daga bayan labule na ce, "Ku gafarce ni, ni ta." (Wato ni ce, ga wanda bai iya Hausarmu ba.)

Ban rufe baki ba sautin ya dawo. Wannan karon bai tsaya ba. Ya miƙe ya yi ta tafiya, in Baba ya juya kai ya ƙara sama, in ya sunkuya ya yi ƙasa. Ni kuma ga ni durƙushe, na riga na sa hannu a takarda. Wani dattijo daga Diggi ya yi gyaran murya ya ce a hankali, "To, Allah shi sawwaƙe. Ɗiyag ga mi anka ba ta tac ci?" Baffana ya ɗaga kai yana ƙirga azarar rufi, carbinsa na gudu a hannu. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ban ko tsaya ɗaukar takalmi ba.

Kafaɗun Baba suka fara rawa. Ya sa hannu ya cire abin hancin, maigidana ya kashe injin, falo ya samu lafiya. Baba ya ɗaga tiyon da hannu biyu, yana share hawayen dariya da kafaɗa, ya ce, "Ku bar yarinya. Iskar injin ga ta, ta gehen hanci taka hita. Nauyin rigag ga na yaj janye abin, har wuyana ya ƙage." Sai a lokacin dattawan suka saki dariyar da suka daɗe suna dannewa, har wani ya ƙware da fura. Wato dai na ɗauki laifin da ba nawa ba, aka bincika aka tarar wani laifin da ya fi shi girma yana jirana da sunana a jiki.

Kwana uku ban leƙa tsakar gida ba. Na yi kuka, na yi fushi da maigidana don bai hana ni ba, ya tuna mini ɗan akuya, na ƙara yin fushi. A rana ta huɗu Inna ta shigo ta ajiye mini tiyon tsirara a kan cinya. Na ɗaga shi, bai fi karan dawa nauyi ba. Na yage gefen wani tsohon zane mai laushi, na yi masa ɗinki ɗaya miƙaƙƙe, na sa zariya a baki biyu. Kafin ruwan shayi ya tafasa na gama. Ita ce rigar da Baba ya yi ta barci da ita har ƙarshen rayuwarsa.

Da yamma ya aiko Inna da saƙo. Ya ce wadda ta yarda ta ɗauki irin wannan kaya dominsa a gaban mutane, ba zai hana ta ɗinki ba. Sharaɗinsa ɗaya: kada in kuskura in sa almakashi a yadin kowa sai na ga mai shi da idona.

Mata kuwa suka yi ta zuwa, har daga Ceberu. Na ɗauka labarin gwanintata ne ya bazu, sai da na lura kowace ta shigo takan daɗe tana kallona kafin ta kwance ƙullin yadinta. Har yau in baƙuwa ta sauka a unguwarmu tana neman tela, ba a ce mata gidan wance. Cewa ake yi ta miƙe ta tambayi gidan Ni-ta.

Ni dai na ɗauki darasina. Ba na yi wa abin da ban taɓa riƙewa ba riga. Kuma idan na ji wani sauti a gaban manya, ladabina yana nan, amma nakan bari ya kai ƙarshe tukuna kafin in ce nawa ne.