Markub Ɗin da Ya Ƙi Fita a Ƙofar Masallaci

Ko na manta sunan jikokina, ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Sa'adiyya ba, ɗiyar ƙanena marigayi. Tun yanzu in faɗa muku, wawan labarin nan ni ne, kada ku wahalar da kanku wajen nemansa.

Ni maƙerin gwangwani ne a Kasuwar Umdurman, murhu da butar shayi nake yi. Boko kuwa a aji uku muka rabu da shi lafiya, ba wanda ya riƙe wani. Ana saura kwana biyu biki na taka ɗan guntun kwano a rumfata, ya shige tafin ƙafata ta dama. Na zare abin da na gani, na tofa, na ci gaba da aiki. Washegari wurin ya yi jajir, ya ɗauki zafi, ya tasa kamar ƙullin da ya kwana.

Jikata Iklas ma'aikaciyar jinya ce, kuma tun tana rarrafe muke wasan jika da kaka. Ta duƙa ta duba.

"Angona, akwai saura a ciki."

"Amarya, ba wani saura. Maƙiya ne suka ga ni ne waliyyi."

Ta yi dariya, ta ce ba maƙiyi ko ɗaya, jikina ne yake aikinsa. Wai da zarar datti ya shiga tsoka, ƙananan hanyoyin jini na wurin sai su buɗe, jini ya kwararo da yawa, shi ne jan da zafin. Sai ruwa ya tsattsafo daga hanyoyin zuwa cikin naman, tare da fararen ƙwayoyin jini masu cinye ƙwayoyin cuta, shi ne kumburin. Ciwon kuma, in ji ta, jiki ne yake cewa a ɗaga masa ƙafa ya yi aiki. In abin ya daɗe, waɗanda suka mutu a faɗan su ne mugunya.

"Ka zo a cire sauran, a yi maka allura. Ka ɗora ƙafar a kan matashi. Kuma kada ka sa takalmi mai matsewa."

Na gyaɗa kai irin na wanda ya gane. (Na gane rabi, kuma rabin ilimi shi ne gadona.) Ga matsalar: uban ango, Usta Haruna, gwanin ɗinkin markub ne, takalmin fatar nan da dattawa ke taƙama da shi. Da hannunsa ya ɗinka mini sabo fil don ranar. In je da silifa, ai na zage shi. Sai na yi shawara da sana'ata. Shekara hamsin ina ganin gwangwani yana tasowa, ban taɓa ɗora shi a kan matashi ba. Matse shi nake yi ya kwanta. Ƙafa ta fi gwangwani taurin kai ne?

Ranar ɗaurin auren da hantsi na shafa man riɗi, na cusa ƙafar, na ciji rawani. Matata Hajiya Batula tana kallona daga bakin murhu, ta ce, "Malam, yarinyar nan fa ta yi magana." Na ce mata kowa da fanninsa.

Daga Umdurman zuwa Kalakla, inda masallacin yake, na ji zuciyata ta sauka daga ƙirji ta koma cikin takalmi, tana bugawa dum, dum. Duk wanda ya gaishe ni sai in yi murmushi, su ce Alhaji farin ciki har da hawaye.

Aka yi kiran la'asar. Kowa ya tuɓe takalmi ya shige. Na cire na hagu salin alin. Na dama ya ce bai san zancen ba. Naman ya taso ya rufe bakin fatar, kamar a ciki aka haife shi. Na ja, na ga taurari da rana tsaka. Aka idar da salla ina zaune a kan dakali da takalmi ɗaya. Liman ya ɗauki lasifika: "Ina waliyyin amarya?" Sau uku. Marainiya tana gida tana jiran a ce an ɗaura, baffanta yana waje yana kokawa da fatar akuya.

Mutane suka fito. Wani ya riƙe ni ta hammata, wani ya kama diddige, na ƙwala ihun da har masu raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, suka tsaya. Sai ga Usta Haruna. Ya dubi ƙafar, ya dubi aikin hannunsa, ya zaro 'yar wuƙar sana'a daga aljihu.

"Ma'alesh, ya Hajj, ka yi haƙuri. Sati guda na yi ina ɗinkinsa."

Ya farke shi tun daga baki har hanci. Ƙafar ta fito tana sheƙi, ga shatin ɗinki kwance a kanta. Haka na shiga da ɗingishi na ba da aure, sahun gaba suna kallon ƙafata maimakon bakina.

Da yamma Iklas ta kai ni asibiti aka tsaga wurin, aka fito da ɗan ƙarfe bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na koyi cewa abin da ya kumbura don yana gyara, ba a gyara shi da matsi. Amma da muka koma gida, ƙafa a kan matashi, sai na nemi in fanshe girmana. Na ce ai laifin jikin ne, da bai yi mini gargaɗi sosai ba.

Hajiya Batula ta ajiye kofin shayi a gabana.

"Ta yi ja, ta yi zafi, ta kumbura, ta yi ciwo. Sau huɗu ƙafar nan ta yi maka magana, Malam. Ni shekara arba'in nake yi. Da na san wuƙa kaɗai kake ji, da tuni na aro ta Usta Haruna."