Ilu da Gilashin Kyamarar Hansai

A bayan injin niƙa na garinmu akwai wani ɗan gida, mutum biyu ne a ciki, Hansai da ƙaninta Ilu. Hansai mai hoto ce. Ita ke shiga cikin gidaje ranar biki da suna ta ɗauki mata, inda namiji ba ya shiga. Da kyamarar nan suke ci suke sha. Shi kuwa Ilu, har gemu ya fito masa, amma abin da aka ce masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi.

Wata rana gilashin gaban kyamarar ya faɗi ya tsage. Ga bikin 'yar Hajiya Tasalla saura sati biyu, kuma Hansai aka ba aikin. In ta kunyata Hajiya, to ta gama hoto a garin nan. Ta ce, "Ilu, je ka birni, shagon wakilin kamfani, ka tambayi kuɗin sabo." Ya shiga mota ya je, ya yi sallama, ya tambaya, ya juya ya fito. Mai shago na ta kiran, "Malam, tsaya mana!" Ko waiwaye. Da ya dawo ta ce, "Nawa ne?" Ya ce, "Oho. Tambaya kika ce in yi, Yaya, na kuwa yi."

A waya ta ji kuɗin, sai da ta zauna. Na kamfani da takardar garanti yake zuwa, in ya lalace cikin shekara su gyara, amma ya fi ƙarfinta. Sai ta ji labarin masu shigo da irinsa daga waje a cikin jaka, sabo fil, da araha, sai dai ba takarda. In ya mutu, ya mutu a hannunka.

Wata rana ta ce, "Je ka layinsu a kasuwa ka duba mini, amma kar kowa ya san abin da ya kai ka." Ilu ya je ya tsaya gaban wani shago, ya zuba wa kaya ido. Mai shagon ya ce, "Malam, me ake nema?" Ya matsa na gaba, ya ƙara zuba ido. Wani ya raɗa wa wani cewa ɗan kwastan ne cikin farin kaya. Kafin azahar rabin layin an ja ƙofa an sa kwaɗo.

Wata rana, biki saura kwana uku, ta ɗaura masa kuɗi a ƙugu, ta ba shi kyamarar. Ta ce, "Ka saya a wurin Sabitu, ɗaya daga cikin masu kayan jakar nan. Amma ka gwada, kar ka biya sai ka ga fuskar kowa ta fito tas." Sabitu ya ɗaura masa gilashi, Ilu ya ɗauke shi hoto. Sabitu ya ce, "Ka gani? Kamar madubi. Kawo kuɗi." Ilu ya ce, "Kowa aka ce." Ya ɗauki maƙwabcin Sabitu. Ya ɗauki mai gyaran waya, mai rake, mai fura. Sabitu na biye da shi yana, "Bawan Allah, kasuwar duka za ka ɗauka?" "In Allah ya yarda."

Yana kan mutum na tamanin da wani abu, gilashin ya yi ƙirrr, ya cije. Fuskar mai goro ta fito kamar an shafa mata koko. Sabitu ya ce, "Kai ka lalata!" Mai fura ta ajiye ƙwaryarta ta ce, "Ji tsoron Allah, Sabitu. A gabanmu aka yi. Da a gidan biki ya cije fa?" Layi ya ɗauka da hayaniya. Sabitu ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya ciro wani, ya ce, "To ga mai kyan." Ilu ya ɗaura, ya gyara tsayuwa, ya ce wa Sabitu, "Tsaya daidai, daga kanka zan sake farawa."

Sabitu ya dafe kai. Ya yagi takarda, ya rubuta da hannunsa cewa in ya lalace cikin shekara a dawo masa da shi, mai goro da mai fura suka dangwala yatsa. Ya ce, "Don girman Allah karɓi ka tafi."

Ranar biki amarya ta fito tas a hoto, har zanen lallenta ana gani. Hansai ta riƙe takardar nan tana juyawa, ta ce, "Ilu, tunda ake sayar da kayan jaka, wa ya taɓa fitowa da garanti?" Ya ce, "Ni dai ban gama ba, Yaya. Saura 'yan layin takalma."