Farfesa Dasashi Ya Kai Matarsa Hutu

Allah ya yi wa layinmu baiwar masu ilimi, amma babu kamar maƙwabcinmu Farfesa Dasashi. Shekara goma sha huɗu yana aiki a asibitin haƙori, kuma aikin nasa ba na wasa ba ne: shi ke rubuta kati, shi ke leƙowa ya ce "na gaba". Farar rigar da yake sawa shi ya kai wa tela da kansa, ya sa aka yi mata aljihu uku saboda biro. In ka gaishe shi ba idonka yake kallo ba, bakinka yake leƙe. Mu da karatunmu bai yi nisa ba mun koyi gaisuwa da leɓe a rufe.

Matarsa, Maman 'Yan Biyu, ta fi kowa morar wannan ilimi. Ba ta taɓa zuba sukari a shayi ba tare da ta sha darasi kyauta ba. Da aurensu ya cika shekara goma, Farfesa ya ga ya dace duniya ta san shi ma ya iya soyayya. Ya kama musu ɗaki a wani otal na bakin ruwa, kwana uku, aka kai yara wurin kakarsu. Ranar tafiya ta tare shi a bakin ƙofa.

"Baban 'Yan Biyu, kwana ukun nan in na ji ka ce haƙori, ko dasashi, ko buroshi, wallahi mota zan shiga sai gidan yayata. Kuma kada ka tambaye ni ranar dawowa."

Farfesa ya dafe ƙirji. "Haba, ranki ya daɗe. Mu ma'aikatan lafiya mun san lokacin aiki, mun san lokacin ƙauna."

A yi masa adalci, ya riƙe alkawari. Da suka shiga ɗaki suka tarar an jera furanni a kan gado, ga faranti cike da alawa mai danƙo. Ya dai jira ta je taga kallon ruwa, ya juye farantin cikin jakarsa. Da ta juyo ta ga faranti fayau, ya ce ai otal-otal na zamani haka suke, faranti ma ado ne.

Wurin cin abincin rana ta sa aka kawo mata lemo da ƙanƙara, ta shiga tauna ƙanƙarar ƙurus-ƙurus tana kallon cikin idonsa. Farfesa ya riƙe gefen tebur, gumi na bin wuyansa, yana murmushi irin na mai jiran allura. Allah ya taimake shi da wani ango a teburin kusa, wanda ya yage leda da haƙori. Ya bi shi har wurin wanke hannu.

"Ɗan'uwa, ba ka san ni ba, amma bakuna dubu sun wuce ta hannuna. Haƙori ba almakashi ba ne. Ka yi wa amaryarka adalci, kada ta tsufa da mai giɓi."

Angon ya yi godiya, ya canza tebur.

Saura matsalar alawa. Farfesa ya yi nazari mai zurfi. In ya zubar a kwandon shara, mai gyaran ɗaki za ta tsinta ta lalata bakinta. In ya bar ta a jaka, Madam za ta gano. Ma'aikacin lafiya na gaskiya kuwa shi ke ɗaukar cuta a kansa don al'umma ta tsira. Saboda haka ya riƙa shiga banɗaki, ya buɗe famfo, ya ci ɗaya. Duk alawa ɗaya sai ya bi ta da goge baki, da buroshi mai taurin gashi, da iya ƙarfinsa, kamar mai kankare gindin tukunya. In ya tofa ya ga jini sai ya gyaɗa kai, ya ce ƙwayoyin cuta ne ke mutuwa.

Da hantsin rana ta biyu, alawa ta goma sha ɗaya ta fito da wani abu mai tauri. Cikon haƙorinsa ne na can ƙurya. Kafin la'asar zafi ya hau masa kai, yana tafe riƙe da kumatu. Ya ce sauro ne. Maman 'Yan Biyu ta ce sauron da ke cizo ta cikin baki sai likita, ta tsayar da tasi.

A asibitin garin ya gabatar da kansa a matsayin abokin aiki. Likitar, wata mata mai tabarau, ta ce madalla, buɗe baki. Ta daɗe tana leƙe.

"Malam, da soson ƙarfe kake goge baki? Ka cinye dasashinka da hannunka. Buroshi mai laushi, a hankali, sau biyu a rana, ko yara sun sani. Wannan alawar da ta maƙale kuma guda nawa ka ci?"

Daga kujerar gefe Maman 'Yan Biyu ta ce, "Faranti guda, likita. Nawa ne."

Aka yi masa allura, aka gyara, aka cusa masa auduga. Likita ta ce kada ya yi magana na awa ɗaya. Maman 'Yan Biyu ta matso kusa, ta yi ƙasa da murya.

"Awa ɗaya kawai, 'yar'uwa? Ki dai sake dubawa."

Likita ta dube ta, ta dubi Farfesa da aljihunsa uku, ta ce lallai ciwon ya fi yadda ta zata. Kwana biyu.

Haka suka ƙarasa hutun a bakin ruwa, ita tana hira tana shan abin da ta ga dama, shi yana gyaɗa kai. Ba ta tafi gidan yayarta ba. Ta dawo layi fuska na sheƙi, tana gaya wa mata ashe mijinta mutum ne mai daɗin zama. Har ta sa an kama musu ɗakin na baɗi, ta kuma roƙi otal ɗin a ninka farantin.