Ɗigon da Ya Sauka a Garken Awakina

Jama'a, yau da hantsi na kori surukaina daga ƙofar gidana da muciya. Kafin ku ce tsufa ya fara taɓa Nusret, ku tsaya ku ji yadda manyanmu masu albarka suka kai ni ga haka.

Ina tsakar gida ina tuƙa pekmez, wato maɗin tuffa, a ƙatuwar tukunyar tagulla, hayaƙi ya cika min ido, sai na ji mota ta tsaya. Na leƙa, baƙuwar mota ce. Dattawa biyu suka fito sun sha kwat, ɗaya yana duba waya yana duba gidan. Ban jira sallama ba. Na zaro muciya tana ɗigar zaƙi na yi kansu.

"Ba nan ba ne! Ban sayar muku da komai ba, ban tura wa matar kowa saƙo ba! Ku juya!"

Babban cikinsu ya ja da baya har hularsa ta faɗi. Sai ga matata Fikreta ta fito a guje, hannu biyu a ka.

"Baban Senada, ka kashe mu! Haji Zaim ne, mahaifin Mirsad! Neman auren 'yarka suka zo!"

Ni an ce min sai bayan la'asar za su iso, kuma ban taɓa ganin mutumin ba, daga can kudancin Bosniya yake. Amma wannan ba uzuri ba ne. Uzurin ga shi.

Bara da bazara Mai Girma Sarkin Almakashi, wanda ko banɗakin tasha aka gina sai ya zo ya yanke ƙyalle, ya zo ƙauyenmu ya ƙaddamar da sabon intanet. Ya hau kan akwati ya ce, "Daga yau duniya za ta zo har ƙofar gidanku." Muka tafa. Ina so in yi masa adalci a nan: tun da nake jin alkawuran manya, wannan ne kaɗai aka cika. Duniya ta zo. Sai dai ƙofar gidana kaɗai ta sani, kuma a fusace take zuwa.

Ta fara da wata mata daga birni, wai ta sayi injin wanki ta intanet an damfare ta. Sai wani magidanci da ake turo wa matarsa kalaman soyayya. Sai wanda aka sace wa kwamfuta. Kowa ya zo sai ya miƙo min waya a hanci, ga taswira, ga jan ɗigo a kan gidana. Kai, ba ma a kan gidan ba, a kan garken awaki. Ni kuwa wayata mai maɓallai ce, in ta yi ƙara Fikreta ke nemo min ita.

Senada, da yake malamar lissafi ce, ita ta bi diddigin abin.

"Baba, duk na'urar da ta hau intanet ana ba ta lamba, kamar lambar gida. Akwai wani kamfani can ƙetare, aikinsa ya ce lamba kaza tana wuri kaza. Lambobin yankinmu ba wanda ya gaya masa unguwarsu, sunan gunduma kawai ya sani. In an tambaye shi sai ya ɗiga ɗigo a tsakiyar taswirar gundumar, ya huta."

"To ni ina ruwana?"

"Tsakiyar ita ce garkenka, Baba."

Wato duk ɗan damfarar da ke gundumar nan, duk mai rubuta wa matan mutane waƙa, a wurin na'ura ɗakinsu ɗaya da akuyata.

Maƙwabcina Ramiz ya samu abin yi. Kullum da safe sai ya leƙo ta shinge.

"Barka da asuba, uban gayya! Yau wa muka wanke?"

"Ramiz, ka kiyaye ni."

"Haba maƙwabci, ni dai in injin wankin nan yana nan, a ara wa matata."

Na Ramiz wasa ne. Amma ran Juma'a na ga wani ya ɗauke takalmansa daga kusa da nawa a ƙofar masallaci. Wannan ya tsaya min a rai, don na san irin maganar nan ba ta tsayawa a ƙauye ɗaya, ga 'yata da mai nema.

Na sa kwat ɗin biki na tsallaka gada na nufi dogon ginin ofishin gunduma. Aka tura ni sama, na sama suka turo ni ƙasa, na ƙasa sun tafi shan gahawa. Daga ƙarshe na samu ganin Mai Girma Jagoran Ci Gaban Zamani. Mutum ne mai tsafta, Allah ya sani: kwamfutarsa lulluɓe take da ƙyalle mai ado, an ɗora mata tukunyar fure.

"Ranka ya daɗe, ɗigo nake roƙo a ɗauke min."

"Ɗigon nan, malam, a ƙasar waje yake. Mu ikonmu daga gada ya tsaya."

"Ai cewa aka yi in ofishinku ya sanar da su inda lambobin suke..."

"Tsaya. Tsakiyar gunduma ka ce? Tsakiya cif?" Idonsa ya yi haske. "Malam Nusret, ka san abin da ka kawo mana? Yawon buɗe ido!"

Ba a taɓa yin aiki da sauri irin wannan ba. Aka kafa kwamiti, kwamitin ya je ƙasashe uku ya ga yadda tsakiyarsu take. Sai ga jerin motoci a hanyarmu mai ramuka, aka gasa raguna, aka yi jawabai, aka dasa dogon dutse a bakin garkena, Sarkin Almakashi ya yanke ƙyalle. Sannan suka kakkafa alluna tun daga babban titi: Cibiyar Gunduma, bi nan. Da, rabin masu fushin ɓata suke yi a mararraba su koma gida. Yanzu, albarkacin manyanmu, ba wanda ke ɓata.

To mu dawo kan baƙina. Fikreta ta lallashe su suka cire takalma suka shiga. Haji Zaim ya zauna, ga ɗigon pekmez a ƙirjin kwat ɗinsa. Ƙaninsa ne ya yi gyaran murya.

"Gaskiya mun ji maganganu game da gidan nan. Muka ce bari mu zo mu gani da idonmu. To, mun fara gani."

Senada tana bayan ƙofa da farantin kofuna, tana saurare. Na shiga bayani, lamba, taswira, kamfanin ƙetare. Ina yi ina jin kaina kamar mai ƙarya. Haji dai yana kallon bango.

Sai aka buga ƙyaure. Muka fita duka. Wani ƙaton direban babbar mota ne, an sha aski, ya rungumo furanni, kunya ta cika shi.

"Baba, don Allah nan ne gidan su Jasmina mai koren ido? Tun hunturu muke hira. Ta ƙi faɗa min garinsu, shi ne wani abokina ya binciko min."

Haji Zaim ya karɓi wayar, ya duba, ya bi ɗigon da ƙafarsa taki bayan taki, mu muna biye, har ya tsaya a bakin garke. Tsohuwar akuyata ta miƙo wuya ta fizgi furannin ta hau ci.

Haji ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya farfaɗo ya dafa kafaɗar direban.

"Ɗana, yi haƙuri, babu Jasmina, an yi wasa da zuciyarka ne. Zo ka sha gahawa." Ya juyo gare ni. "Kullum haka kake fama?"

"Wannan ai mai ladabi ne, Haji."

"To yarinyar da ta tashi a gidan mai haƙuri irin wannan, za ta iya da Mirsad."

Senada ta kawo gahawa. Haji ya kurɓa, ya ji ta zuba sukari har ya yi yawa, ya san amsarta, don a al'adarmu gahawa mai zaƙi amincewa ce. Aka shafa fatiha, har da direban, yana share ido.

Saura kalma ɗaya ga kamfanin can na ƙetare, ko wani zai kai musu. Ranku ya daɗe, ba ku yi kuskure da yawa ba, abubuwa suna ɓacewa a gundumarmu. Kwaltar hanyarmu ta ɓace, motar asibitinmu ta ɓace, rufin makaranta ma ana cigiyarsa. Ku ɗan matsar da ɗigon ƙasa kaɗan, ku tsallaka gada, akwai wani dogon gini mai sababbin motoci a gaba. Ba na zargin kowa. Na dai lura suna da kujerun jira da yawa, kuma sun fi ni iya cewa a dawo gobe.