Yadda Ake Rufe Bakin Na'urar Shinshinar Iskar Guba

Tun yanzu ina gargaɗinka, a mataki na ƙarshe abin zai lalace. Amma kafin nan na ba ka tabbaci: in ka bi abin da zan faɗa, na'urar ba za ta ƙara damun kowa a kamfaninku ba. A kamfanin fentin da nake shara na koyi wannan ilimi, daga Manaja da kansa.

1. Ka san maƙiyiyarka

Ƙaramin akwati ce manne a bangon ɗakin tankuna, tana da ido kore da ido ja. Aikinta shaƙar iska. In ta ji guba na yoyo, sai ta kunna jan idon ta tsala ihu, kowa ya yar da aiki ya fita. Injiniyan da ya kafa ta ya ce tana jin abin da hancin mutum ba ya ji. Mu dai Suruka muke ce mata, don ba a taɓa yi mata daidai ba.

2. Ka nemo mai laifi

Duk sanda ta yi ihu, kada ka duba tanki. Duba tanki aikin marasa haƙuri ne. Ka dubi mutane. Manaja ya fara da direba.

"Kai, wane irin turare ka zuba?"

"Ranka ya daɗe, na ɗaurin aure ne."

"To shi ya tayar mata da hankali."

Aka hana turare. Ta yi ihu. Aka hana albasa. Ta yi ihu. Aka hana maigadi cire takalmi a bakin aiki, wannan kam kowa ya yi murna, amma ba ta fasa ba.

3. Ka sa mata safa

Mai kauri, ba ta yara ba. Manaja ya tuɓe tasa ta ƙafar hagu ya zura mata har wuya, ya ce sanyi ke damunta. Tun daga ranar idonta kore shar ta cikin zare. Masana sun yi ittifaƙi cewa duk hancin da ya shaƙi safar Manaja ba ya ƙara jin wani wari a duniya.

4. Ka naɗa hancin gaske

Ba a barin ɗakin tankuna haka kawai. Ka tara ma'aikata ka zaɓi mafi tsawon hanci. A wurinmu ɗana na fari aka zaɓa, hancin uwarsa ya ɗauko. Aka ba shi kujera kusa da babban tanki da muƙamin Shugaban Shinshina. Dokar mai sauƙi ce: in ya ji wari ya yi ihu, in ya faɗi sauran su fita.

Amfaninsa kan na'ura a fili yake. Ba ya cin batir, kuma in aka ce ya yi shiru yana yi, don matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba.

Abu ɗaya za ka kiyaye: kada ka bari mutanen gidansa su lura. Ranar hutu ya zo gaishe mu da jaririyar a kafaɗa, ta yi masa aika-aika a riga. Duk muka toshe hanci, shi yana ta yi mata wasa.

Uwarsa ta ce, "Kai, ba ka ji ba ne?"

"Jin me, Mama?"

Ta juyo ta dube ni. "Malam, me kuke yi wa yaron nan a wurin aikinku?"

Na ce mura ce. Na ture kwanon abincina gefe.

5. Ka kori uban hancin

Nan Manaja ya yi sakaci. In uban yana shara a kamfanin, ka kore shi, ko aƙalla ka ba shi gajeriyar tsintsiya. Tawa mai dogon sanda ce, ta cire yanar gizo-gizo. Tsintsiya kuwa ba ta da hankali, ba ta bambanta yana da safa.

Safar na faɗuwa Suruka ta buɗe jan ido ta kurma ihun da ta daɗe tana tarawa. Manaja ne ya fara isa bakin ƙofa, ya tsallake maigadi har da bencinsa. Na tsaya ina duba fuskokin masu fitowa. Ɗana ne ya fito ƙarshe, yana tari, idanunsa na ruwa.

"Baba, me ya faru? Ni fa ban ji komai ba."

Na ce, "Na sani. Zauna nan waje, ka ja iska."

Sanarwa

Duk abin da ya same ka bayan bin waɗannan matakai, babu ruwana, babu ruwan tsintsiyata. An rufe ɗakin tankuna, injiniya na hanya. Ban sani ba ko gobe ina da aiki. Safar tana aljihuna. Ɗazu na kara wa ɗana ita a hanci, ya ce ƙyalle ne kawai. Likita ya ce a jira, shi ma bai san ko hancin zai dawo ba.