Kwamitin Da Ba Ya Tofarwa

Jiya na wuni ina tuƙa manya, yau ga ni kwance da ciwon baya. Na daɗe da yin ritaya daga tuƙin bas ɗin gari, amma jiya da sassafe aka bugo mini waya daga ofishin magajin gari, wai in taimaka in ja motar Kwamitin Tantance Takardun Giya. Na ce ina direbansu? Aka ce an ƙara masa girma, shi ma ya zama ɗan kwamiti. To, madalla.

Kun dai san kwamitin. Su ne masu raba allon tagullar nan da ake kafawa a ƙofar gidan abinci, wanda idan ba ka da shi motocin 'yan yawon buɗe ido ba za su tsaya maka ba, ko da ƙamshin agwagwarka ya cika unguwa. Sau ɗaya a shekara suke zaga gari gida-gida, su duba takardar da aka jera giyar inabin gidan da farashinta, su ɗanɗana, su yanke hukunci. Shugabansu shi ne Mai Girma Mataimakin Magajin Gari Mai Kula da Maƙogwaron Baƙi, Allah ya ƙara masa ƙishirwar yi wa jama'a aiki.

Ko yaron goye a kudancin Faransa ya san mai ɗanɗanon giya ba ya haɗiyewa. Ka kurɓa, ka juya ta a baki, ka tofar a bokiti, don kanka ya kai yamma yana aiki. Hukuma ma ta san da haka, shi ya sa ta sayo bokitan azurfa, har da bikin ƙaddamarwa da yanka kyalle. Sai dai Mai Girma ya ce tofar da gumin manomi rashin kishin ƙasa ne, shi kuwa ba za a yi wannan wulaƙanci a gabansa ba. Saboda haka kwamitinmu haɗiyewa yake yi, kofi bayan kofi, tsabar kishi.

Abin da wannan kishi ke haifarwa ba ɓoyayye ba ne. Gidan da aka fara da shi da safe, ido a bushe, ciki ba komai, ya shiga uku. Gidan da aka ƙare da shi da yamma kuwa, ko ruwan wanke kwano ya zuba musu, zinariya ce.

Maƙwabciyata Madam Solange ita ce ta farko kullum, don gidan abincinta yana kallon ƙofar ofishin magajin gari. Bara an rubuta mata cewa takardarta ta yi gajarta, ba ta da nauyi a hannu. Bara waccan kuma aka ce farashinta ya yi sauƙi, abin da ke sa mutum zargi. Takarda ce guda, rubutun hannu, kowace kwalba da sunan manomin da ya matse ta, da shekararta, da abincin da za ta bi. Duk hunturun bana matar nan tana hawa tuddai da tsohuwar motarta, gona-gona, tana ɗanɗanawa tana tofarwa, har ta zaɓi abin da ranta ya kwanta da shi. 'Yarta kuma da ke birnin Toulouse ta riga ta gyara mata ɗaki. Sun yi magana ta ƙarshe: in bana ma babu allo, a rufe gidan, uwa ta koma can ta zauna gaban talabijin.

Ina ɗumama mota sai ga ta da tsumman goge tebur a kafaɗa.

"Firmin, yau kai ne a sitiyari?"

"Ni ne, maƙwabciya."

"To ka juya musu hanya. Ka fara da na ƙarshe, ka ƙare da ni."

"Haba Madam, in ce musu me?"

"Shekara nawa ka yi kana ce wa fasinja cunkoso ne ya tsare ka, alhali kofi ka tsaya sha a wurina? Yau ne ƙarya za ta gagare ka?"

Ban ma yi ƙaryar ba. Ramin nan da hukuma ta haƙa a tsakiyar dandali ana gab da zaɓe, don a nuna mana aiki ya kankama, yana nan yadda aka bar shi, har ciyawa ta fito a ciki. Na nuna wa Mai Girma shi, na ce ranka ya daɗe, sai dai mu zagaya ta bayan gari. Ya leƙa ta taga ya ce, "Wa ya yi wannan ɓarna?" Sakataren kwamiti ya raɗa masa wani abu a kunne. Ya gyara zama ya ce, "Aiki yana tafiya. Mu zagaya."

Haka muka fara da Gédéon, mai gidan abincin da ke manne da gidan mai. Layin masu jiran mai ya kai gada, mu kuwa aka buɗe mana hanya muka shige, mutane suna ɗaga mana hannu da yatsun da ba na gaisuwa ba. Gédéon ya saba karɓar kwamiti da yamma, ƙofarsa duk alluna ne, ba wurin kafa ƙusa. Takardarsa kuwa littafi ce sukutum, bangon fata, da igiyar zinariya tana reto. Sunaye ne cike, waɗanda ko shi bai iya faɗarsu ba, kuma duk wadda ka nuna zai ce yanzun nan ta ƙare, amma akwai 'yar'uwarta. 'Yan'uwan nan duka daga kwali ɗaya mai famfo suke fitowa, a bayan firji.

Mai Girma ya auna littafin a tafin hannu, ya gyaɗa kai. Aka zuba masa, ya kurɓa. Na ga fuskarsa ta tattare wuri guda kamar wanda ya tauna lemon tsami da ɓawo.

"Wannan kuma mece ce?"

"Ranka ya daɗe, ita ce ta bara," in ji Gédéon, "wadda ka ce tana tuna maka da mahaifiyarka, har ka yi hawaye."

Ya dai haɗiye, don kishi ba ya barin mutum. Amma an rubuta wa Gédéon abin da bai taɓa gani ba.

Daga nan muka ci gaba, ni kaɗai ke shan ruwa, bokitan azurfa suna ƙara a bayan mota, a bushe ƙarau. A gida na biyu an yi faɗa a kan tsada. A na huɗu wani ɗan kwamiti ya ce tsada ai mutunci ce, kwalbar da talaka zai iya saya ba ta cancanci a rubuta ta ba, aka tafa masa. Bayan abincin rana sakatare ya daina rubuta jimla, sai alamar motsin rai kawai yake jerawa. Tsohon direba, sabon ɗan kwamiti, ya shinshina wani kofi ya ce yana jin ƙamshin daji bayan ruwan sama. Kofin ba komai a ciki.

Ni ba masani ba ne, jama'a. Abin da na sani shi ne, idan na zauna cin wake da agwagwa ina son a ba ni kofin da zai bi abincin, a farashin da ba zai sa in koma gida a ƙasa ba, kuma in na tambayi daga ina take, a samu mai amsa mini. Ban san wannan yana buƙatar mota da bokiti da alawus ba.

Rana ta yi sanyi muka iso wurin Madam Solange, kwamiti yana waƙa. Ta shimfiɗa farin kyalle, ta jera kofuna suna ƙyalli, ta buɗe kwalabenta tun da wuri don su sha iska. Ta sa rigar da take zuwa coci da ita. Ta miƙa wa Mai Girma takardar, ya riƙe ta a juye, ya daɗe yana nazari.

"'Yar'uwa," ya ce, "don girman Allah, ruwa."

Ta kawo tulun ruwan famfo. Ya shanye kofi biyu, ya lumshe ido.

"Sakatare, rubuta. Garau take, ba nauyi, tana sauka ba gardama. Yau duk ban sha kamarta ba."

Sauran ma suka ce a ba su irin ta shugaba. Aka sumbaci Madam a kumatu biyu, aka ciro allon daga jaka, mai daraja ta ɗaya, aka danƙa mata. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ga jar giyar nan ta kan tudu, ko kurɓa ɗaya..." Ya ɗaga hannu ya ce kwamiti ba ya wuce gona da iri. Na kwashe su na kai kowa ƙofar gidansa, wasu da tallafi.

Da na ajiye mota na dawo, na same ta zaune ita kaɗai, allon a kan cinya, kwalabe a jere yadda ta buɗe su, ko ɗigo bai ragu ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban ɓoye ba.

"Kin kira Toulouse?"

"Na kira. Ta ce ta san zan iya." Ta zuba jar nan a kofi ta turo mini. "Ka ajiye mota ai. Sha. Ko mutum ɗaya ya gaya mini in na iya zaɓe."

Na kurɓa, na juya ta a baki yadda na ga ana yi.

"Da daɗi, maƙwabciya."

"Kai ma haka kake ce wa ta Gédéon."

Gaskiyarta, haka nake cewa. Ta ɗauki guduma da ƙusa ta fita ƙofa, na riƙe mata tsani. Gidan ba zai rufe ba, motoci za su tsaya, kuma duk garin nan babu wanda zai iya gaya mata abin da ta wuni tana jira ta ji.

Af, na ji an ce saboda ƙwazon da kwamitin ya nuna, an ƙara masa aikin duba lafiyar gadoji. Ina roƙon Mai Girma, gadar da nake bi zuwa kasuwa, a taimaka a duba ta da safe.